Abin da ke Bayan "Lafiya Lau"

Jawabin kwamitin gudanarwa a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, Tudun Wada, Sakkwato

  

 

Al'adarmu a irin wannan rana ita ce ma'aji ta karanta lissafi, a yi tafi, a ci shinkafa, a watse. Lissafin yana nan, za ku ji shi bayan wannan jawabi. Amma bana kwamiti ya ga akwai maganar da ta fi ƙarfin lissafi, kuma in ba mu faɗe ta yau ba, ba mu san ranar da za mu sake samun mata da maza da yara wuri guda haka ba. Don Allah ku ba mu aron kunnuwanku, maganar tana da ɗan tsawo.

Kafin wannan taro mun zauna mun bi littafin rance shafi-shafi. Kun san akwai gurbin da ake rubuta dalilin karɓar rance. Kusan kowace mace abu guda ta sa aka rubuta mata: ƙarin jari. Sai muka ware sunayen waɗanda biyansu ya yi jinkiri, muka raba kanmu biyu-biyu, muka ce a bi su gida a yi musu magana. Gaskiya da niyyar faɗa muka fita.

Ba za mu kama sunan kowa ba, kuma mun nemi izininsu kafin mu kawo maganar nan. Ta farko mai ƙuli-ƙuli ce. Ta karɓi rance don ta sayi gyaɗa, a makon nan yaronta ya kwanta, kuɗin suka tafi ga magani da ƙarin ruwa. Tun daga lokacin ba ta taɓa fashin zubi ba, ashe kwanonin jerenta take fitarwa ɗaya-ɗaya. Ta biyu mun tarar gidanta cike da baƙi. 'Yan'uwan mijinta ne suka gudo daga gabashin jiha, tukunyar da ake ɗora wa mutum shida ta koma ta mutum goma sha huɗu. Ta uku takaba ta fita shekaru da suka wuce, gonar mijinta tana can ƙauye ana nomawa, har yau ko damin gero guda bai taɓa zuwa mata da marayunta ba.

Duk su ukun nan kowane mako muna gaisawa da su. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya gida?" "Lahiya lau." Da muka ce wa ta farkon, haba, don me ba ki faɗa ba, sai ta ce: "In ce mi? Kowa da tashi." Mun fita da faɗa a baki, muka dawo da kunya.

To, gaisuwar nan ba laifi ba ce. Ladabi ce da godiyar Allah, haka iyayenmu suka koya mana. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa mun ƙware wajen gyara fuskar. Matsalar ita ce, idan kowace mace ta rufe tata wahala a ɗaki, sai ta ɗauka ita kaɗai ce, sai ta ɗauka rashin dabararta ne ko rashin sa'arta. Alhali da za a jera wahalhalun nan a tabarma guda, za a ga hannuwan da suka ƙulla su ba su da yawa, kuma ana iya gane su.

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talaucin da ba a auna shi da kuɗi kawai, ana duba lafiya da karatu da ruwan sha da makamashin girki da aikin yi. Ta ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke cikin wannan hali, wato kashi 63 cikin 100. Jiharmu ta Sakkwato ce a sahun farko, da kusan kashi 91 cikin 100. Mutum tara cikin goma ke nan. Iyayenmu, zai yiwu a ce mutum tara cikin goma duk malalata ne? Matan da ke tashi tun kafin kiran assalatu su jiƙa wake, su kai niƙa, su hura wuta? Abin da ya kama mutum tara cikin goma ba halin mutum guda ba ne, akwai yadda aka yi aka zo nan.

Bari mu bi kwanon gero guda, daga gona har tukunyarmu, mu ga wa da wa suka sa hannu a ciki.

Manomin da ya shuka shi, in a yankin Sabon Birni ko Isa ko Goronyo yake, kafin ya shiga gonarsa sai garinsu ya tara wa 'yan bindiga kuɗi, haka ma lokacin girbi. Wanda bai iya ba ya bar gonar ta zama saura. Ba mu manta da watan Oktoba na 2021 ba, da aka auka wa kasuwar Goronyo ranar cinta, aka kashe mutum fiye da 40. Kasuwar ƙauye in ta mutu, hatsi ya ragu a birni, masu ci kuma sun ƙaru, domin mai noman da kansa ya dawo nan yana neman abin da zai ci. Su ne baƙin da muka tarar a gidan 'yar'uwarmu.

Wanda ya samu ya noma, yawanci da bashi ya yi, na taki da na abincin da ya ci da damina. Da kaka ta yi masu bashi na bakin ƙofa, dole ya sayar a lokacin da hatsi ya fi arha a duk shekara. Mai kuɗi ya saye ya zuba a sito ya kulle, ya jira bazara. Idan rumbuna suka ƙare sai ya buɗe, manomin nan ya dawo ya sayi geronsa da tsada. Malamanmu suna nan zaune, sun sha gaya mana hukuncin mai ɓoye abinci don ya yi tsada alhali mutane na cikin buƙata.

Daga nan sai mota. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuli na 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta tsaya cik har watan Maris na 2024. Mu da mutanen Ƙonni da Tawa kasuwarmu guda ce tun kafin a shata iyakar, auratayya gare mu, amma ba wanda ya tambayi mai sayar da dabino ko mai kanwa kafin a rufe. Ga kuma shingayen hanya, kowane direba ya san abin da yake miƙawa a kowanne. Duk wannan a kan buhun ake ɗora shi. A tsakiyar 2024 hukuma da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda.

Buhu ya iso kasuwar Kara. Mai hali ya sayi buhu ya kai gida. Mu kuwa kwano muke saye, wata rabin kwano, wata ma gwangwani. Kun san duk sanda awo ya ƙanƙance, tsadarsa ƙaruwa take. Haka man gyaɗa na cokali, haka omo na ƙulli, haka gawayi na leda. Wato wadda ba ta da shi ita ke saye da tsada fiye da mai shi. Wannan ba a rubuta shi a jikin kowane shago ba, amma kullum muna biyansa.

Ku ɗauki ruwa. Mai rijiyar burtsatse a gidansa ya biya sau guda ya huta. Mu sai mun jira 'yan ga-ruwa, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Mu yi misali, kowace ta sa farashin layinsu. A ce jarka naira 100, gida yana shan jarka shida a rana. Naira 600 ke nan, a wata 18,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ga ruwa, ga wanda ma yake da albashin. Kuma kada mu ga laifin mai tura kura, shi ma saye yake, ƙarfinsa yake sayarwa.

Ku ɗauki bashin sari. A ce mace ta karɓi kayan naira 10,000, bayan mako guda ta biya 11,000. Za ta ce ai dubu ɗaya ce kawai. To shekara mako 52 ce. Naira 52,000 ta biya a kan jarin 10,000, ninki biyar da ɗoriya, kuma jarin har yanzu ba nata ba ne. Saboda irin wannan ne iyayenmu suka kafa ƙungiyar nan tun farko.

Ko kun tuna farkon 2023, da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000? Mai masa da mai fura da mai awara ba su da na'urar karɓar kuɗi. Ciniki ya tsaya, ƙullu ya yi tsami a roba. Wadda ke da 'yan kuɗi a banki sai ta biya mai POS kafin ya ba ta nata. Waɗanda suka yanke shawarar a Abuja ba su san akwai ƙullun da ba ya kwana ba.

Yanzu mu zo ga jiki, domin a nan ɓoyon ya fi yawa.

A cikin garin nan akwai asibitin da aka buɗe a 1999 don cuta guda, wadda likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba. Cuta ce da ke farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro, yawanci ɗan shekara biyu zuwa shida, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashi. Masana sun ce in ba a yi magani ba, yaro tara cikin goma mutuwa suke. Wanda ya rayu ana ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, a ce iska ce, ko sammu, ko baki. Ashe abin da ke buɗe mata ƙofa shi ne yunwa, da ƙyanda, da rashin tsaftar baki. In an gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da asibitin tun 2014, kuma sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ku duba: cutar da ba ta kama ɗan mai ƙoshi, shekara da shekaru ana ɗora ta a kan aljanu. Aljanu ba su ji ba, ba su gani ba. Don Allah duk wadda ta ga dasashin yaronta ya kumbura yana jini, baki yana wari, kada ta jira gobe.

Haka haihuwa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma mu da ke cikin ɗakin mun san abin da ya faru a daren. An jira maigida ya dawo ya ba da izini. Da ya dawo aka shiga neman abin hawa. Da aka samu aka shiga neman kuɗin jini da na kayan aiki. Jinkiri kan jinkiri, kowanne da dalilinsa, mafi yawa kuɗi ne. Wadda ta tsira da rai bayan doguwar naƙuda, wani lokaci ta fito da yoyon fitsari, a ware mata kwano da tabarma, wata ma a kai ta gidansu. Alhali a asibitin mata da yara na Maryam Abacha, nan cikin Sakkwato, ana yin aikin gyaran. Masu gidajenmu, da girmamawa muke roƙonku: ku bar izinin a gida tun cikin yana ƙarami. Ku faɗa a gaban uwarku da maƙwabta cewa in naƙuda ta zo ba ku nan, a tafi.

Sai aikinmu, wanda shi ma a ɓoye yake. In mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida me matarsa ke yi, sai ya ce ba ta komai, tana gida. Ba ƙarya yake nufi ba, haka aka saba faɗa. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, a 1969 ta yi rubutu a kan cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, ta nuna hada-hadar hatsi da abinci da ke gudana ta bayan katanga ba ƙarama ba ce. Fiye da shekara hamsin ke nan, har yau ɓoyayye ne. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a yi masa tanadi. Shi ya sa in an zo rabon rance ko tallafi, sai a nemi takardar shago da lambar banki, mai tukunyar daddawa ba ta da ko ɗaya.

Kuma wa ke fitar da hajar nan daga gida? 'Ya'yanmu mata. Wannan magana tana da zafi, mu ma da ke tsaye nan ba mu fita daga ciki ba. Yarinya ta ɗauki tire tun safe, ƙawayenta na aji, ita tana tasha. Muna cewa kayan ɗakinta muke tara mata. Gaskiya ne. Amma ita ce gobe za ta zauna a ɗakin ba ta iya karanta takardar magani ba, ba ta iya duba lissafin da mai sari ya rubuta mata ba, ta sake ɗora wa tata ɗiyar tire. Ga abin da ke samun wasu a tashar, wanda ba ya faɗuwa a taro irin wannan, iyaye mata sun gane.

Sai gado. Allah da kansa ya raba shi a cikin Suratun Nisa'i, bai bar wa kowa ba. Matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji. Wannan ya haɗa da gona da gida da fili, ba tufafi da kwanoni kawai ba. Amma sau nawa muka ji an ce a bar gonar a hannun babban wa, kada a raba kan gida? Shekara ta bi shekara, shi ke ci, ita kunya ta hana ta tambaya, in ta tambaya a ce ta ɓata zumunci. Wanda ya riƙe haƙƙin marayu shi ya ɓata zumunci, ba wadda ta tambaya ba.

'Yan'uwa, mun san abin da wasu za su ce a zuci: ai komai ƙaddara ce, sai haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma mu 'yan Sakkwato bai kamata a rikita mu a nan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Hubbarensa ke cikin garin nan, bai ce wa talakawan Gobir su yi shiru ba. A littafin Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin masu mulkin zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: harajin da shari'a ba ta sa ba, da ɗibar kayan masu saye da sayarwa a kasuwa, da toshiyar da ake kai wa mahukunta. A Nurul Albabi ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta tsaya ga rubutu ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajjoji ta aza musu malfa, suna taso da matan ƙauyuka suna karatu suna komawa su koyar, suna kula da marasa lafiya da marasa galihu. Mata ne suka tsara kansu, da shugabanci da ƙa'ida, kusan shekara 200 da suka wuce, a ƙasar nan da muke zaune. Saboda haka haƙuri da jarrabawar Allah daban, yin shiru ga wanda ya tauye miki mudu daban.

Tun da mun ambaci mudu, to mu juyo da madubin gare mu. In za ka faɗi, faɗi gaskiya. A cikinmu akwai mai kwano biyu, na saye da na sayarwa, an bubbuge gindin ɗaya. Sura guda Allah ya saukar da sunan masu tauye awo. A cikinmu akwai wadda ta ɗauko yarinya daga ƙauye tana mata aiki, nata 'ya'yan su tafi makaranta, ita ta tsaya wanke-wanke, ta ci saura, kuɗin aikinta ma wata can ke karɓa. A cikinmu akwai wadda in 'yar gudun hijira ta zo surfe ko wankau sai ta rage mata lada, don ta san ba ta da zaɓi. Mu kanmu kwamiti, mun ga mace tana ramewa mako bayan mako, ba mu tambaya ba, sai da biyanta ya tsaya muka san hanyar gidanta. Allah ya yafe mana. Zaluncin da muke kuka da shi daga sama, in ya iso hannunmu bai kamata mu miƙa shi ga ta ƙasa da mu ba.

To mene ne abin yi? Ba mu da iko a kan kuɗin fetur, ba mu da iko a kan iyaka ko daji. Waɗannan sai addu'a da ƙuri'a, kuma kada mu raina ƙuri'ar. Sai a 1976 matan Arewa suka samu 'yancin jefa ta, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kanta. Abin da aka sha ɗauri dominsa ya fi ƙarfin sabulu da taliya. Amma akwai abin da ke hannunmu tun yau, kuma wasu sun riga mu gwadawa.

A 1844, a garin Rochdale na Ingila, mutum 28, da dama cikinsu masaƙa, suka gaji da garin da ake gauraya musu da awon da ake tauyewa. Kowa ya kawo fam guda suka buɗe ɗan shago, suka ce kaya mai kyau, awo cikakke, kowane mamba ƙuri'a guda komai yawan kuɗinsa. Daga wannan shago ƙa'idojin ƙungiyoyin gama kai suka bazu a duniya. Kusa da mu kuma, a 1991, a yankin Maraɗi, matan ƙauye tare da ƙungiyar CARE suka fara abin da suka kira Mata Masu Dubara: zubi kowane mako a akwati, rance daga cikin abin da suka tara, da ɗan asusu na daban don ranar tashin hankali. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka fara shi, da adashin da muka gada.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawarwari biyar, za a kaɗa ƙuri'a a kansu a zaman mako mai zuwa. Ku je ku yi shawara da masu gidajenku.

Na ɗaya, asusun gaggawa, daban da na rance. Kowace mamba ta riƙa ƙara ɗan abu a kan zubinta, ku za ku yanke nawa. Na haihuwa ne da ciwon dare, mata uku za su riƙe shi a layi daban-daban, a iya buga musu ƙofa ko ƙarfe nawa ne. Za mu kuma yi magana da masu Keke biyu na unguwa da za a iya kira da dare.

Na biyu, sayen hatsi tare da kaka. Mu haɗa kuɗi mu sayi buhuna lokacin arha, mu auna wa junanmu da bazara a kan farashin da muka saya da kuɗin ɗauko. Mun tambayi malamai, sun ce tanadin abin da za a ci ba shi ne ɓoyon da aka hana ba. Sharaɗin shi ne ba za a fitar da ko kwano guda kasuwa don riba ba.

Na uku, kwanon awo guda na ƙungiya, a ajiye shi wurin uwar ƙungiya. Duk mai sayar da awo a cikinmu ta kawo nata a gwada. Wadda nata ya cika, mu riƙa sayayya wurinta, mu kuma gaya wa maƙwabta.

Na huɗu, duk mambar da ke da maganar gado, ba za ta tafi ita kaɗai ba. Dattijai biyu daga cikinmu za su raka ta, a fara da sulhu a gaban malami da manyan dangi. In ya ƙi, kotun shari'a tana nan, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Na biyar, wanda muka san zai fi jawo gardama: ba talla a lokacin makaranta ga 'yar kowace mamba, har da yarinyar da ke aiki a gidanta. Mun san akwai gidan da tiren nan ne abincin darensu, ba mu manta ba. Shi ya sa muke so a tattauna yadda za a haɗa hajar mata uku ko huɗu a ba babbar mace guda ta zauna da ita a bakin hanya a biya ta lada, yara su karɓe ta bayan an tashi. In akwai mai dabarar da ta fi wannan, bakinta muke jira.

Game da waɗanda biyansu ya yi jinkiri, kuɗin ƙungiya amana ce ta kowa, ba za a yafe ba, su ma ba su nemi a yafe ba. Za a sake tsara musu biya daidai ƙarfinsu, kuma daga yau ba za a ƙara kiran sunan mai bashi a bainar taro ba. Gurbin nan na dalili kuma, muna roƙonku a riƙa faɗin gaskiya. In na magani ne a ce na magani ne. Ba wadda za a hana don ta faɗi gaskiya, kuma sirrinta yana tsakanin ma'aji da sakatariya.

Abu na ƙarshe ba ya buƙatar ƙuri'a. In kin gaida 'yar'uwarki ta ce lafiya lau, kika ga zanen ya yi mata yawa, ki bari a watse, ki bi ta gida da ɗan abin da ya sawwaƙa, ki zauna, ki sake tambaya.

Muna godiya ga iyayenmu da suka fara wannan zubi da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinsu, Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makomarsu. Muna godiya ga masu gidajenmu da suka bar mu muna fitowa. Allah ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji, bismillah, ga wuri.